Ku Ƙware Kan Sauka da Taimakon Tauraron Ɗan'adam, Hazo Ba Zai Jira Ku Ba

Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya kwaso ƙurar Sahara, matuƙin da ya doso Kano ko Maiduguri ko Damagaram yakan leƙa ta gilashi bai ga komai ba sai fari fat. Mutum ɗari da ɗoriya na bayansa, kowa da mai jiransa a gida. Ku matuƙa jirgi, da ku ma'aikatan hasumiya, da injiniyoyin da ke kwana kan na'ura, sannunku da aiki! Da ku nake magana.

Shekara da shekaru, saukar da jirgi cikin hazo sai an dogara da na'urar ILS da ake kafawa a bakin titin sauka. Tana da tsada, tana son wuta da kulawa, kuma kowane bakin titi sai da tasa. Ƙaramin filin da ba shi da ita, da gari ya rufe sai a juya jirgi. Yau hanya tana zuwa daga sama. Taurarin GPS suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200, na'urar gaban matuƙi ta kama huɗu ta san inda take, ta kama na biyar ta iya gane cewa wani cikinsu yana ba ta ƙarya. Daga nan ta shimfiɗa maka layi har bakin titi, gangara mai digiri 3, ko da babu eriya ɗaya a ƙasa. Inda aka ƙara tsarin gyaran sigina, irin WAAS na Amurka ko EGNOS na Turai, jirgi kan sauko har ƙafa 200 kafin matuƙi ya yanke shawara. Kada ku ɗauka abin na wasu ne: a 2021 an gwada irin wannan sauka a Lome, da siginar da tauraron Najeriya NigComSat-1R ya watso, tare da hukumar ASECNA.

To amma na'ura abin da ka ba ta shi take bi, kuma nan darajarku take. A Disambar 1995, wani jirgin American Airlines ya doshi Kali a Kolombiya cikin dare. Aka danna harafin R ana nufin tashar Rozo, kwamfuta ta zaɓi Romeo da ke wajen Bogota, jirgi ya karkata ya daki dutse, mutum 159 suka rasu. A Mayun 2022 kuma, a filin Charles de Gaulle na Paris, hasumiya ta ba wani Airbus A320 awon matsin iska 1011 maimakon 1001. Lamba ɗaya tak! Jirgin ya bi gangararsa daidai a allo, alhali yana ƙasa da inda ya kamata da ƙafa kusan 280, har saura ƙafa 6 ya taɓa ƙasa kafin titi. Allah Ya kiyaye, suka tashi suka sake kewayowa.

Saboda haka in kana karanta jerin wuraren bi ɗaya bayan ɗaya kana gwada su da taswirar sauka, abokin tuƙinka yana tabbatarwa, kada wani ya ce maka ɓata lokaci ne. In ka maimaita wa hasumiya awon iska, ka kuma gwada shi da rahoton yanayin da ke hannunka, rayuka kake tsarewa. Kai injiniya da ke sabunta bayanan na'ura duk kwana 28, ba wanda zai tafa maka, amma kowace sauka lafiya akwai hannunka a ciki. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya muna da ƙarin dalilin sa ido, domin bayan faɗuwar rana saman sararinmu yakan dagula siginar taurari. Ku riƙe tsohon iliminku na na'urorin ƙasa irin VOR da ILS da kyau, ranar buƙatarsa tana nan.

Ga abin da na fi so ku ji. In ka kai tsayin yanke shawara ba ka ga fitilun titi ba, ko na'ura ta yi gargaɗin ba ta amince da siginarta ba, ka ba injin wuta ka tashi. Babu kunya a ciki ko kaɗan. Fasinja zai yi guna-guni, kamfani zai lissafa mai, duk da haka kai ne kyaftin, kuma doka tana bayanka.

Ku ɗaliban kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ku zauna da wannan na'ura a ɗakin gwaji har yatsunku su san kowane maɓalli. Ku tambayi malamanku me za ku yi in sigina ta ɗauke kuna tsakiyar gangara, ku maimaita har ya zama jiki. Akwai filaye a Katsina, Sakkwato, Yola da Agadas da jama'arsu ke buƙatar jirgi ya sauka ko hunturu ya yi tsanani, kuma ku za ku saukar da shi.