Taimako da Mutuncin Mai Karɓa

Duk wanda ya saba ratsa ƙauyukanmu, ko a nan Nijeriya ko a ƙetaren iyaka wajen Maraɗi da Damagaram, ba zai rasa cin karo da famfon tuƙa-tuƙa a bakin gari ba, ga allo an kafa a gefensa ɗauke da sunan wanda ya bayar da ranar da aka buɗe, amma hannun famfon ya yi tsatsa, awaki sun mai da dakalinsa wurin kwana, mata kuwa sun wuce da tulunansu zuwa kududdufin da suka saba. Wannan ba laifin gari ɗaya ba ne. Wata ƙididdiga da masana harkar ruwan karkara suka fitar a 2009, wadda ta shafi ƙasashe 20 na Afirka, ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na irin waɗannan famfuna ba sa aiki.

Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mun yarda, domin ladan mai bayarwa yana tsakaninsa da Ubangijinsa, ba mu da ta cewa a ciki. Sai dai tambayar da muke so mu tattauna da mai karatu a wannan fitowa ita ce: da wane mudu za a auna taimako a nan duniya? Da niyyar mai bayarwa, ko da yawan kuɗin da aka kashe, ko kuwa da wani abu daban? Amsar da muke gani ita ce, taimako na ƙwarai shi ne wanda yake mayar da mai karɓa cikin sahun masu bayarwa, domin mutuncin ɗan Adam yana rataye ne da sanin cewa shi ma yana da abin da zai miƙa wa wani. Za mu gwada wannan magana a kan abubuwa uku da masu ayyukan agaji suka fi mai da hankali a kansu, wato ruwa, da abinci, da kula da tsofaffi.

Mu fara da ruwa. A kudancin Afirka an taɓa ƙirƙiro wani famfo mai suna PlayPump, wanda aka haɗa shi da wani abin wasan yara mai juyawa. Dabarar ita ce, yara suna wasa suna juya shi, ruwa yana hawa tanki. Abin ya burge masu hannu da shuni a Amurka ƙwarai, har a 2006 aka yi shelar ba da dala miliyan 16.4 domin yaɗa shi. To, amma yaro ba ya wasa bisa jadawalin ƙishirwar gari. A 2009 wata jarida a Ingila ta yi lissafi ta ga cewa idan famfo ɗaya zai shayar da yawan mutanen da aka yi alkawari, sai yara sun yi sa'o'i 27 suna wasa a kowace rana. A wasu ƙauyukan Mozambik an cire famfunan hannu da mutane suka saba da su aka kafa wannan, ba tare da an shawarce su ba. Ƙarshenta sai ga mata, har da tsofaffi, suna tura abin wasan yara da hannu don su sami na girki, idan ya lalace kuma babu mai iya gyara shi a kusa. Babu wanda zai ce masu ba da kuɗin nan mugunta suka nufa. Abin da ya faru shi ne, sun ɗauki mutanen ƙauye a matsayin baki mai jiran a zuba masa, ba su ɗauke su masu hankalin da za a tambaya ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ajiye wannan mu dubi yaƙin da aka yi da kurkunu. Dattawanmu sun san wannan cuta da ake ɗauka ta hanyar shan ruwan kududdufi, wadda takan kwantar da manomi daidai lokacin damina. A ƙidayar da aka fara a 1988, an sami fiye da mutum 650,000 da ke ɗauke da ita a Nijeriya kaɗai. Cutar ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar magani. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da hukumomin lafiya sun kawo kuɗi da ƙyallen tace ruwa, an haƙa rijiyoyi, Janar Yakubu Gowon ya yi ta shiga ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi da masu gari. Amma wa ya tace ruwan kowace safiya? Wa ya hana mai ciwo tsoma ƙafa a kududdufi? Wa ya riƙe littafin ƙidaya a kowane ƙauye? Mutanen garin ne da 'yan sa-kansu. An ga mai cutar na ƙarshe a Nijeriya a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. A nan, an ba talaka aiki a cikin ceton kansa, kuma ya yi.

Ko a tarihin Musulunci, ruwan da Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa mahajjata a Makka ya daɗe yana gudana fiye da shekara 1,000, ba don gininsa ba ya lalacewa ba, sai don kowane zamani an sami waɗanda suka ɗauki gyaransa a matsayin nauyinsu. Ashe haƙa rijiya ita ce mai sauƙi, samun masu cewa tamu ce shi ne aiki.

Idan muka juya ga abinci, misalai biyu daga ƙasar Hausa sun ishe mu. Na farko madatsar ruwa ta Bakalori, kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978 da nufin bunƙasa noman rani. Manufa ce mai kyau a takarda. Amma an tashi dubban manoma daga gonakinsu, diyya ta zo da jinkiri da rikici, waɗanda ke ƙasan kogin kuma suka rasa ambaliyar da fadamunsu na shinkafa suka dogara da ita. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, sai aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu na 1980. Adadin mamatan da hukuma ta bayar bai kai 30 ba, masu bincike da mutanen yankin kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Aikin da aka yi don ciyar da manomi, sai ga shi ya ci manomin.

Na biyu ya faru ne a jihar Maraɗi. Wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi shekaru yana dashen itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsiron kalgo da sabara da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne na kututture masu rai da saiwarsu ta yi nisa cikin ƙasa. Idan aka rage tohon aka bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi, sai su zama bishiya. A yunwar 1984 aka riƙa ba manoma hatsi don su bar tohon a gonakinsu. Da rabon hatsin ya ƙare, akasarinsu suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki, da harawar dabba, da ƙaruwar amfanin gona, sai maƙwabci ya koya wa maƙwabci. Haka kuma da hukuma ta sassauta dokar da ta mai da kowace bishiya mallakar gwamnati, manomi ya san abin da ya rena nasa ne. Wannan shi ake kira sassaben zamani, kuma masana sun ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. A lura da kyau, itatuwan da aka bari don hatsin kyauta sun tafi, waɗanda aka bari don manomi ya gamsu su ne suka tsaya. Gaskiyar masu iya magana, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A nan mai karatu zai iya tsayar da mu ya ce, wannan duk zancen ƙoshi ne, shin wanda ɗansa ke mutuwa da yunwa sai an zauna taron shawara da shi? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma tilas mu ba shi haƙƙinsa. A 2005 yunwa ta auka wa Nijar alhali akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi, kuɗin saye ne talaka ba shi da shi. An ɗauki watanni ana sayar da hatsi da rangwame maimakon a raba kyauta, wai don kada a ɓata kasuwa, kafin daga baya a soma rabon. Kafin nan yara da yawa sun riga sun galabaita. Saboda haka zancen kada a koya wa mutane mutuwar zuciya yakan zama rigar da rowa ke ɓuya a ciki. Wanda ya faɗa rijiya igiya ake jefa masa, ba nasiha ba. Abin da muke cewa shi ne, bayan ya fito, kada a ci gaba da kallonsa a matsayin na cikin rijiya har abada.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun tsofaffi. Manomi za a iya ba shi dabara ya tsaya da ƙafarsa, amma tsohuwa mai shekara 80 wadda idonta ya dushe fa, wace sana'a za a koya mata? Shin mudun da muka kawo bai fashe ba ke nan? A da, gandu da ciyayya sun rufa wa tsoho asiri, kwanonsa ba ya kwana babu tuwo, ko daga ɗa ko daga maƙwabci. Yau samari sun tafi birni, gandu ya watse, sai ga dattawa a bakin masallatai da mahaɗar tituna suna miƙa hannu. Jihar Ekiti ta gwada ba tsofaffi marasa galihu naira 5,000 duk wata a 2011, a 2018 kuma aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. Ƙasar Lesoto, duk da ƙarancin arzikinta, ta fara biyan fansho ga duk wanda ya kai shekara 70 a 2004.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne binciken da Esther Duflo, wadda daga baya ta sami kyautar Nobel a 2019, ta yi a kan fanshon tsofaffi a Afirka ta Kudu. Ta gano cewa a gidajen da kaka mace ke karɓar kuɗin, jikokinta mata sun fi tsayi da nauyi. Wato da aka sa wa tsohuwa abu a hannu, ba ta tsaya ga cikinta ba, sai ta koma kan kujerarta ta mai bayarwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowa ya san tsohuwar da za a kai mata tsokar nama ta ƙulle a gefen zane ta ajiye wa jika. Abin da ya fi ci wa tsoho rai ba yunwa ba ce kaɗai, har da ranar da zai ga babu mai neman komai a wurinsa, ko shawara, ko labari, ko albarka. Don haka gidan gajiyayyu mai katifa da abinci sau uku, idan ya raba tsoho da masu buƙatarsa, ya ciyar da jiki ya bar mutumin da yunwa.

Wanda kuma ƙarfinsa ya ƙare ƙaf, ba ya iya ko magana, shi ma bai fita daga sahun masu bayarwa ba, domin shi ya riga ya bayar tun kafin a haife mu. Rijiyar da muke sha, da gonar da muka gada, da harshen da muke rubutu da shi, duk daga hannunsu suka fito. Abin da ake kai masa ba kyauta ba ce, biyan bashi ne, kuma mai biyan bashi ba ya kiran mai hoto, ba ya jiran godiya.

To, ina ruwan marubuci da wannan? Ruwansa da tsaki. A cikin littattafan da ke kasuwa, sau nawa muke cin karo da Alhaji mai kyauta wanda aka ba shi suna da mota da babi guda, shi kuwa wanda aka yi wa kyautar ba shi da suna, ba shi da tarihi, aikinsa kawai ya durƙusa ya yi godiya ya ɓace? Alƙalami yana koya wa jama'a yadda za su kalli junansu. Muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, idan za ku sa mabuƙaci a labari, ku ba shi suna da ra'ayi da abin da ya sani wanda mai kuɗin bai sani ba. Ku tambayi kanku, wa zai gyara famfon bayan an watse daga bikin buɗewa? Me tsohuwar ta yi da kuɗin? A nan labarin yake, kuma har yanzu bai sami masu rubuta shi yadda ya kamata ba.

Allah Ya ba mu ikon bayarwa ba tare da gori ba, Ya sa idan karɓa ta kama mu, mu karɓa da mutuncinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.