A BI YARO DA ƘARFIN TAFIYARSA

Karatu: Farawa 33:12-14

Ranar da Yakubu ya sulhunta da ɗan'uwansa Isuwa, sai Isuwa ya nemi su kama hanya tare. Yakubu kuwa ya roƙe shi ya yi gaba, domin 'ya'yansa ƙanana ne, a cikin garkensa kuma akwai masu shayarwa. Ya zaɓi ya biyo baya a hankali, gwargwadon ƙarfin yaran. A kan wannan nassi nake so mu dubi wata damuwa da iyaye mata a Jiddari Polo sukan kawo: yaushe ne ya kamata yaro ya fara zama a fo?

Damuwar tana da dalili. Pampers ya yi tsada, wanki yana cin ruwa da sabulu, kaka kuma tana cewa a zamaninsu ba a kai haka ba. Saboda haka wata uwa takan ɗauki bulala. Amma jikin yaro yana da lokacin da Mahalicci ya sa masa. Yawancin yara sukan fara iya riƙe fitsari da kashi tsakanin wata 18 da shekara 3. Ɗora jariri a ƙafa, yadda iyayenmu suka saba, abu ne mai kyau, sai dai a nan uwa ce take lura da lokaci, yaron bai riga ya gane ba.

Ga alamun da za ki duba, 'yar'uwa. Yana tafiya, yana kuma zama da kansa. Yakan yi kamar awa 2 bai jiƙa wando ba. Yana jin ƙyamar ƙazanta a jikinsa. Yana iya sauke wandonsa, yana faɗa ko ya nuna in ya matsu. In kin ga waɗannan, ki zaunar da shi bayan ya tashi barci da bayan cin abinci, ki yabe shi in ya yi. In ba ki gan su ba, ki dakata 'yan makonni. Duka yakan sa yaro ya riƙe kashi don tsoro, har cikinsa ya bushe. Fitsarin kwance kafin shekara 5 kuwa ba abin horo ba ne.

Tsoro ma yakan mai da yaro baya. Bayan da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024, iyalai da yawa a Maiduguri sun kwana a wuraren da ba nasu ba. Yaron da ya ga irin wannan, ko aka yi masa ƙane, yana iya komawa jiƙa wando. Ta'aziyya yake bukata.

Haƙuri kuwa ba ya hana tsabta. Shari'ar Musa ta umarci Isra'ilawa su binne bayan gidansu a bayan zango. Kashin yaro ma yana ɗauke da cutar gudawa da kwalara. A zubar da fo a masai, a wanke shi, a wanke hannu da sabulu.

Ku ubanni, aikin nan ba na mata kaɗai ba ne. Yakubu da kansa ya rage sauri. Ubangiji wanda yake haƙuri da kasawarmu ya ba mu zuciyar yi wa 'ya'yanmu haka. Amin.