Rawanin Aro da Kyanwar Hay el-Sabi'

Ya 'yan'uwa matasan zango. Muna rubuto muku daga Hay el-Sabi', wato Unguwa ta Bakwai a Madinat Nasr ta birnin Alƙahira, inda ɗaliban Azhar daga ƙasashe dabam-dabam suke haɗa kuɗi su kama haya. Mu biyar ne a gidanmu, daga Nima da Sabon Zango da Aboabo ta Kumasi, ta shidanmu kuwa kyanwa ce. Ba mu muka kawo ta ba. Wani dare cikin sanyin Janairu ta biyo ƙanshin miya ta hawo bene, ƙaramin cikinmu ya zuba mata sauran tuwo, shi ke nan ta tare.

A kan wannan kyanwa ne gardama ta tashi a tsakaninmu, har ta kai mu ga maganar da ta fi kyanwa girma.

Mahaifiyar ƙaramin namu ta aiko tana son hotonsa, ƙannensa kuma suka ce lallai a sa kyanwar a ciki, don sun sha jin kukanta a waya. Maganar halaccin hoto ba ta ɗauke mu lokaci ba. Mun san akwai saɓani, amma Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar ya kuma rasu a 1935, ya rubuta risala yana bayyana cewa hoton na'ura tsare inuwa ne kawai, a kan haka muke. Abin da ya tsaya mana shi ne tufafi. Ɗan'uwan namu ya tafi hawa na uku ya aro kakula, doguwar rigar nan ta Azharawa, da jar dara mai farin naɗi. Alhali wata bakwai ke nan da zuwansa, yana ajin koyon Larabci, ko Ajrumiya bai sauke ba.

Biyu daga cikinmu suka ce ba laifi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suka ce ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da son kyakkyawar riga da kyakkyawan takalmi, aka nuna masa wannan ba girman kai ba ne. Suka ce aro ba haramun ba ne, Nana A'isha ma ta ari sarƙa wurin 'yar'uwarta Asma'u. Suka ce a nan Masar yara 'yan makarantun Azhar suna sa wannan shiga, ba wanda ya kira su maƙaryata. Sannan suka kawo wadda ta fi taɓa zuciya: tsohuwar nan da wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi, da shi ta haɗa kuɗin jirgi. In ta ga ɗanta cikin rawani ta yi murna, wa aka cuta?

Mun daɗe muna juya wannan tambaya, don dukkanmu muna da irin wannan uwa. Ga inda muka tsaya. Tufafi magana ne, kuma ma'anar magana tana wurin mai sauraro. Jar dara a titin Madinat Nasr cewa take yi "ɗan makaranta ne". Ita dai wannan darar, in ta sauka a wayar wata Hajiya a Nima, cewa take yi "malami ya ƙosa". Wanda ya aika kuwa ya san da wane kunne za a ji ta, don shi ma ɗan zango ne, da wannan idon ya riƙa kallon hotunan waɗanda suka riga shi zuwa. A hadisin Asma'u da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an kamanta mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Ba bakinsa ya yi ƙaryar ba, rigar ce ta yi masa.

Wa aka cuta? Ku bi hoton ku gani. Uwa za ta nuna wa maƙwabta, a tura shi rukunin WhatsApp na dangi. Kafin wata ya zagayo, kawu zai kira ya ce, "Malam, wane ya saki matarsa cikin fushi, yaya hukuncin?" Gwaggo za ta turo maganar rabon gidan gado. A nan yaro zai tarar da kansa a tsaka mai wuya: ya ce bai sani ba, ya kunyata rawanin da uwarsa ke alfahari da shi, ko ya amsa da ka, ya raba aure ko ya cinye haƙƙin marayu. Mun ga wanda ya zaɓi na biyu, ba sai mun faɗi suna ba. Zanen aro ba ya rufe katara, amma kafin katarar ta fito an riga an yi ɓarna. Imamu Malik, wanda muke kan mazhabarsa a zango, an san shi da kyawun tufafi, an kuma san shi da yawan cewa bai sani ba. Mu mun ɗauki na farkon mun bar na biyun.

Sai kuma haƙƙin kyanwar, wanda da farko babu wanda ya tuna da shi. Duk wanda ya rungumi dabba a hoto ya ce wa duniya tasa ce. To wa ke ciyar da ita ran da kuɗin wata ya ƙare, muka koma ful da burodi safe da yamma? Wa zai riƙe ta in mun tafi hutu muka kulle gida? Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wannan birnin ma ya san darajar kyanwa: ana ba da labarin cewa Sarki Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu kusa da masallacinsa domin a ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Mu kuwa sai ran hoto muka wanke mata kwano. A cikin mu biyar, ƙaramin nan ne kaɗai ba ya mantawa da ita, kullum da asuba cikin wata tsohuwar jallabiya mai ruwan toka yake tsugunawa ya ba ta abinci.

Ba mu hana shi ba, don ba mu da ikon hanawa. Ranar Juma'a bayan an sauko ya sa kakula, ya daidaita dara a madubi, ya zauna gaban kantar littattafan da rabinsu na babban cikinmu ne. Aka ɗauko kyanwa aka ɗora masa a cinya. Ta sansana rigar, ta ji ƙanshin turaren wani gida, ta diro ta shige ƙarƙashin gado. Aka yi "bis-bis" irin ta Misrawa, aka yi "mus-mus" irin tamu, ta ƙi fitowa. Sau uku ana jawo ta tana komawa, na ƙarshe har ta ja zare a hannun rigar mutane.

Ya yi shiru, can ya tashi ya ninke kakular ya hau bene ya mayar, ya ba mai ita haƙuri kan zaren. Da ya dawo ya goge farar rigarsa ta Sallah da ya zo da ita daga gida, ya sa hular da mahaifinsa ya ba shi, ya ɗauko Ajrumiyarsa da ta ci alƙalami. Kyanwar ma sai da ya shimfiɗa tsohuwar jallabiyar a cinyarsa kafin ta yarda ta hau. Hoton da ya tafi Nima ke nan. Da dare mahaifiyarsa ta kira, muna jin muryarta daga kicin. Ba ta tambayi rawani ba. Cewa ta yi ya rame, ita kuwa kyanwar ta yi ƙiba, wa ke cinye abincin wa?