Shin Daɗewa Tana Halatta Ƙwace?

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu suka tsawaita bahasi a kansu akwai ta mutumin da ya zauna a ƙasar wani, ya gina, ya shuka, ya hayayyafa, har jikokinsa suka tashi ba su san wani gida ba sai wannan: shin tsawon zamani yana mayar da abin da aka karɓe da ƙarfi ya zama halaliya? Wannan tambaya tana nan da ranta a Ostiraliya, inda jiragen ruwan Ingila suka sauka a watan Janairun 1788, suka tarar da al'ummar Aborijin, wadda masana suka ce ta haura shekara 50,000 a wurin, amma duk da haka aka gina hukunci a kan cewa ƙasar ba ta kowa ba ce.

Hujjar masu mulkin mallaka ita ce ba su ga gona mai shinge ba, ba su ga fadar sarki ba. Wanda ya karanta babin raya matacciyar ƙasa zai iya zaton akwai kama, alhali kuwa malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa matacciya ita ce wadda babu haƙƙin kowa a kanta, har suka keɓe wa kowane gari huruminsa, wato makiyayarsa da wurin itacensa, ko da fartanya ba ta taɓa sauka a kai ba. To, ina ga mutanen da kowace rijiya da kowane dutse yake da suna da mai kula da shi a wurinsu, masu ƙona daji a lokacin da ya dace domin sabuwar ciyawa ta fito, waɗanda a cikinsu akwai Gunditjmara, da suka tsara magudanan dutse na kamun kifi a Budj Bim tun shekaru dubbai?

Saura hujjar hauzi, wato daɗewar riƙe abu, wadda ita ce mai ƙarfi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo cewa wanda ya riƙe gida shekara goma da'awar wani ba ta tasiri a kansa, amma da sharaɗin mai da'awar yana nan, yana sane, kuma ya yi shiru. Fuƙaha'u suka ƙara da cewa shirun wanda tsoro ya rufe wa baki ba yarda ba ne, kuma hauzi ba ya amfanar wanda aka san asalin shigarsa ƙwace ne. Aborijin kuwa ba su ma yi shirun ba. Ranar 26 ga Janairu 1938, sa'ad da Turawa ke bikin cika shekara 150 da zuwansu, William Cooper da abokansa suka mayar da ita ranar makoki. A 1963 mutanen Yolngu na Yirrkala suka aika wa majalisa kokensu manne a ɓawon itace, cikin harshensu da Turanci, suna ƙin a haƙa ma'adinai a ƙasarsu; abin takaici, alƙali Blackburn ya yarda a 1971 cewa suna da tsarin shari'a na gaske, sa'an nan ya hana su ƙasar. A 1966 Vincent Lingiari ya ja mutanensa Gurindji suka bar aikin kiwon shanu a Wave Hill, suka jure shekara tara, har Firayim Minista Whitlam ya zuba masa ƙasa a tafin hannu a 1975. Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer, ya shekara goma yana shari'a, ajali ya riske shi 'yan watanni kafin Babbar Kotu ta rushe waccan tsohuwar da'awa ta cewa ƙasar ba ta kowa ba ce, ranar 3 ga Yuni 1992.

Mai adalci zai ce: mene ne laifin wanda aka haifa jiya a Sidni? Ba shi da laifi, domin zunubi ba a gadonsa, kuma babu mai hankalin da ke neman a kori miliyoyin mutane daga gidajensu. Sai dai alhakin ƙwace daban, abin da aka ƙwace daban. Na farko yana bin mai shi kabari, na biyu kuwa yana zama a hannun magada, kuma wajibi ne su mayar da abin da zai mayu, su biya ƙimar abin da ba zai mayu ba, su nemi sulhu da masu haƙƙi. Afuwar da Firayim Minista Kevin Rudd ya nema a 2008 game da yaran 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu rukuni ɗaya ne na tuba.

Sulhu kuma ba ya ƙulluwa sai an saurari ɓangare biyu. Abin da shugabannin 'yan asalin ƙasar suka roƙa a taron Uluru na 2017 ke nan, majalisar shawara da tsarin mulki zai tabbatar, amma a ƙuri'ar raba gardama ta 14 ga Oktoba 2023 kusan kashi 60 cikin ɗari suka ƙi. Rinjayen ƙuri'a yana yanke abin da zai zama doka, ba ya sauke haƙƙi, kuma a ganina bashin yana nan a wuyan Ostiraliya.