Tsinkewar Jijiyar Yatsa da Haƙiƙar Tawakkali

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya ajiye a jikin ɗan Adam, akwai cewa yatsun nan da muke riƙe alƙalami da su, mu ja tasbaha, mu yanki lomar tuwo, yawancin ƙarfinsu daga tsokar damtse yake tahowa, ta waɗansu fararen jijiyoyi da suka ratsa wuyan hannu da tafi, suka kama ƙasusuwan gaɓɓai. Idan wuƙar mahauci ko fasasshiyar kwalba ta katse jijiyar da ke lanƙwasa yatsa, sai ta janye baya kamar tsirkiyar baka, fata ta warke sumul, amma yatsan ya tsaya a miƙe alhali 'yan'uwansa sun dunƙule.

To, a nan mas'alar take, domin sau da yawa akan ce wa mai rauni, "Malam, ƙaddara ce, sai haƙuri," shi kuwa ya naɗe hannu da tsumma ya koma gida, yana zaton tawakkali ya yi. Imani da ƙaddara wajibi ne, babu shakka. Sai dai Wanda Ya ƙaddara raunin Shi ne Ya sanya sababin waraka, Ya sanar da likita ya danne gaɓar tsakiya, ya ce, "Lanƙwasa kan yatsan," in ya faskara ya ɗinke jijiyar tun cikin kwanakin farko, kafin tsokar ta ƙanƙance. Tun zamanin da ake bin ra'ayin tsohon likita Jalinusu, wanda ya tsoratar da masu magani daga ɗinkin jijiya, likita Ibn Sina, da ya rasu a 1037, ya yi umurni da a ɗinka. Fuƙaha'un Malikiyya kuma, da suka ƙayyade diyyar kowane yatsa raƙuma 10, sun wajabta ta ko da yatsan bai guntule ba, muddin amfaninsa ya gushe. Abin da shari'a ta ba shi wannan daraja, yaya mai shi zai tozarta shi da sakaci?

Haƙurin gaskiya yana bayan ɗinki, lokacin da za a ɗaure hannu a kare shi wajen mako 6, a bi motsin da aka koyar kullum, a bar ɗaukar kaya har kusan wata 3, ga sana'a ta tsaya, ga iyali suna jira. Wanda ya gaggauta zuwa asibiti, ya jure wannan, sa'an nan ya bar wa Ubangijinsa sakamako, shi ya cika sharaɗin tawakkali.