Ƙuri'a Tsakanin Ƙauyuka: Adalci Ce Ko Zalunci?

 

Manomin ƙasar Magariya ko Dungas idan aka kawo masa sabon irin gero ba ya shuke gonarsa duka da shi. Sai ya ware 'yan kunyoyi, ya jira kaka ta yi shaida. Shin ya halatta hukuma ta yi haka da mutane?

A shekarar 2018 wasu masana biyu daga Amurka, Jenny Aker da Kelsey Jack, sun gudanar da irin wannan gwaji a ƙauyuka 180 na jihar Damagaram, a kan haƙa ramin rabin wata mai tare ruwan sama a faƙo. An raba ƙauyukan da ƙuri'a: wasu aka ba su horo kaɗai, wasu horo da kuɗi, wasu kuwa aka bar su yadda suke domin a kwatanta. Kowa zai zaci talauci ne ke hana manomi haƙa. Ashe horon kaɗai ya sa kusan duk waɗanda aka koya wa suka kama aikin, kuɗin bai ƙara wani abin kirki ba. Da zato aka bi, da an zuba dukiya inda ba ta da amfani.

To, amma ina haƙƙin waɗanda aka bari? Ita ƙuri'a shari'a ta san ta. Alƙur'ani ya ambace ta a riƙon Nana Maryam da ƙissar Annabi Yunusa, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi ta tsakanin matansa in zai yi tafiya. Malamai suna komawa gare ta idan haƙƙoƙi suka yi daidai, abin rabo kuma ya gaza. A ganina ta fi zaɓin mai hannu da shuni ko ɗan gidan hakimi tsafta nesa ba kusa ba.

Sai dai wannan hujja tana da iyaka. Tana tsayawa ne muddin ba a san amfanin abin ba, ko kuwa bai isa kowa ba. Yaron da yunwa ta kama a watan Agusta ba a hana shi abinci don a cika lissafi, domin amfanin abinci ba ya jiran gwaji. Kuma wajibi ne a sanar da mutane, a jefa ƙuri'ar a gabansu, sa'an nan idan sakamako ya fito, ƙauyukan da suka yi jira su ne farkon waɗanda za a kai wa horon.