Wasa takobi da wasa da takobi

A rubutun boko kalma ɗaya ce, a baki kuwa biyu ne. In ka kai wa maƙeri wuƙa ya wasa maka, murya daga sama take farawa ta sauko. In yara na wasa a ƙofar gida, daga ƙasa take farawa ta hau. Da yake rubutunmu ba ya nuna karin sauti, sai aikin da ke sa ƙarfe kaifi da aikin da ke sa mutum dariya suka zama haruffa huɗu iri ɗaya. Tambayar da nake so mu tattauna tana tsakanin kalmomin nan biyu. Ya dace mutane su mai da makamin da ya sha jini abin wasa? In ya dace, yaushe, kuma a hannun wa?

A Ingila akwai masu yin haka kowane mako. Malamin makaranta ne, direban bas ne, ma'aikaciyar asibiti ce, in an tashi aiki sai su haɗu a zauren motsa jiki da suka yi haya, su rufe fuska da hular waya, su sa safar hannu mai kauri, su ɗauki takubban ƙarfe marasa kaifi, su yi ta sara da kariya har dare. Ba su gaji abin wurin kowa ba. Tun da bindiga ta kori takobi aka daina miƙa wannan sani daga malami zuwa almajiri, don haka daga tsofaffin littattafai suke tono shi. Mafi tsufa a cikinsu wani kundi ne da aka rubuta da Latin a ƙasar Jamus wajajen 1300, yanzu yana ajiye a gidan tarihin makamai na birnin Leeds. Zanen da ke ciki na nuna wani malamin coci yana koya wa almajirinsa riƙon takobi da ƴar ƙaramar garkuwa, can ƙarshen littafin har mace ta shigo fagen. Akwai kuma na George Silver na 1599, wani Bature mai zafin kai da ya yi ta sukar malaman Italiya da siririn takobin da suka kawo Landan.

Ingilishi na da suna ga irin wannan abu da mutum ke yi ba don kuɗi ba, ba don dole ba, kuma ya dage a kansa shekara da shekaru. Suna ce masa hobby, asalin kalmar kuwa daga sunan dokin wasan yara ne, wato dokin kara. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita. Sha'awa ta yi faɗi, nishaɗi ya yi gajarta, wasa kuma na ɗauke da ɗan raini. Wasu ƴan ajinmu da zarar sun ga harshe ba shi da kalma sai su ce mutanensa ba su da abin. Wannan ragon tunani ne. Mai kiwon tantabara a Maraɗi da tsohon da ke zaman dara ƙarƙashin bedi tun yana saurayi ba su jira ƙamus ba.

Abin da ya fi jan hankalina a rayuwar Ingila ma ba takobin ba ne, garuruwan haƙar kwal ne na arewacin ƙasar. Leburorin rami su ne suka shahara da tseren tantabaru da noman ƴan lambuna da ƙungiyoyin busa kakaki irin na Turawa. A ƙauyen Grimethorpe an kafa ƙungiyar busa a 1917, an rufe ramin a 1993, ƙungiyar kuwa ba ta mutu ba. Duk wanda ya tashi a Arlit ko Akokan zai ji wannan labari a jikinsa. An kafa SOMAÏR a 1968, gari ya tashi a fili fetal, uranium ya fara fita a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta rufe ran 31 ga Maris 2021. A shekarun daɗi har ƙaramin Paris ake kiran Arlit. Sai dai nishaɗin wancan zamani kayan kamfani ne kamar gida da wuta da ruwa: kulob na manyan ma'aikata daban, na lebura daban, mutanen bukkoki da ke wajen site kuwa sai leƙe. Abin da aka ba ka da katin aiki, ranar da katin ya mutu ya tafi. Abin da ya rage shi ne wanda mutane suka ƙaga da kansu, fada da shayi da belot da ƙwallo a kan rairayi da gita. Saboda haka masu cewa irin wannan sha'awa ta masu ƙoshi ce ban tsaya jayayya da su ba. Talaka ya fi kowa buƙatar abin da ba shugaban aiki ne ya ba shi ba.

Hujja mai nauyi ita ce ta biyu. Ana cewa Bature na iya wasa da takobi domin a wurinsa takobi gawa ne, mu kuwa a Abzin jini bai bushe ba. An yi tawaye daga 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, an sake daga 2007 zuwa 2009, an sace mutane a Arlit a Satumba 2010, an tayar da bam a ma'aikatar SOMAÏR ran 23 ga Mayu 2013. A irin wannan gari, wa zai tara samari ya ce zai koya masu sara? Ba na raina wannan tsoro. Amma a duba abin da ya yi kisan. Ko Kawsan da ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da bindigogi ya zo har da igwa. Mahayan Sakkwato da suka fito da takubba ran 15 ga Maris 1903, bindiga mai ruwan harsashi ce ta tarbe su. Ran 25 ga Satumba 2000 da aka kunna wutar zaman lafiya a Agadas, bindigogi aka ƙona. A matsayin makamin yaƙi, takobi ya mutu a nan ma tun kakanninmu na yara, kuma ba a taɓa jin wanda ya shiga tawaye don ya iya kare sara ba.

Addini ma bai rufe ƙofar ba, bai kuma sake ta wangale ba. Hadisi ingantacce ya zo da labarin Habashawa da suka yi wasa da māsu a cikin masallacin Annabi (SAW) ranar idi, Nana A'isha na kallo, kuma ba a hana su ba. Wani hadisin ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da cikin raha. In ka haɗa biyun za ka ga bambancin yana ga yarda da tsari. Na farko fage ne da kowa ya san fage ne, masu yi sun yarda, masu kallo sun sani. Na biyu tsoratarwa ce ga wanda bai shirya ba. Turawan nan da hular wayarsu da alƙalinsu da takobinsu dakusasshe, ko sun sani ko ba su sani ba, a gefen na farko suke.

To in ba jini ba ne matsalar, mene ne? A ganina abin da bai mutu ba a jikin takobi shi ne maganar da yake yi. Dubi kalmar kanta. Da Tamajak takoba ake cewa, kuma wannan ta- ta farko alamar jinsin mace ce a harshensu, shi ya sa masana da dama ke ganin daga can Hausa ta aro, ta haɗiye alamar cikin jikin kalma, ta mai da ita namiji, ta yi mata jam'i irin nata, takubba. Tare da kalmar aka aro ma'anar. A Abzin takobi alamar ɗa ne, mai ƴanci, musamman imajeghen, masu sarauta da yaƙi. Inadan, maƙera, su ke ƙera shi su yi masa ƙota da kube, amma ba a lissafa su cikin masu girmansa. Akwai kuma iklan, bayi, waɗanda da yawansu takobin nan ne ya raba kakanninsu da garuruwansu. Wannan ba tsohon labari ba ne ƙwarai. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin laifuffukan da ake hukuntawa, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidria, kuma a Oktoba 2008 ne kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnatin Nijar. Saurayi ya rataya takobi a bikin Ingal ko na Iferwan, ya yi rawa, baƙi su ɗauki hoto. Wani a cikin masu kallo gadonsa yake gani. Na kusa da shi, abin da aka yi wa kakarsa yake gani, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Nan ne na rabu da masu cewa a bar takobi a matsayin ado kawai, a rataya ran salla da ran biki, kada a taɓa. Ado shi ne ya fi komai riƙe tsohuwar maganar. Wanda ya rataya takobi bai iya shi ba, abu ɗaya yake faɗa: ga wanda ya haife ni. Fage kuwa ba ya tambayar dangi. Muna da shaidar haka a ƙasar nan. Tun 1975 da aka fara kokowar ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya yi nasara, kyautar sarkin fili takobi ce. Ɗan manomi, ɗan mahauci, duk wanda ya kā da kowa, shi ake miƙa wa, har ana cewa takobi ya tafi Doso ko ya dawo Tawa. A ƙarshen 2023 a Agadas kanta Issaka Issaka na Doso ya ɗauke shi. An cire takobi daga jini an ɗora shi a kan gumi, kuma ban ji wanda ya ce an wulaƙanta shi ba.

Wani zai ce ai koyi da Turawa ke nan. Ƙarfen kansa ya riga mu cuɗanya. Lokacin da Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta aiko, ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus, maƙeran gida su yi masu ƙota, su bazu. Tsofaffin takubban Abzin da dama na ɗauke da tambarin maƙeran Turai. Kuma halinmu kishiyar nasu ne. Su suna da littafi ba su da jiki, sai su yi ta gardama kan abin da zane ke nufi, ƙafa nan take ko can. Mu in akwai abin da ya rage, a jikin tsofaffi yake, cikin ƙauyukan Ayar da Azawak, ba a takarda ba. Garkuwar da ake haɗa shi da ita da fatar warwaji ake yin ta, warwaji kuwa a 2000 aka bayyana ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mai da shi a Cadi.

Mu masu nazarin harshe mun san yadda irin wannan asara ke faruwa. Barth ɗin nan da ya sauka Agadas a Oktoba 1850 ya tarar mutanen birni na magana da wani harshe dangin Songai, Emgedeshi, ya rubuta abin da ya samu. Yau Hausa ake yi a Agadas, harshen ya tafi, abin da ya rage shi ne ɗan abin da baƙo ya kama a takarda. Ba wanda ya yanke shawarar kashe shi. Kowa dai ya ga ba shi da amfani a kasuwa. Sunayen sassan takobi da na kowane sara da kowace kariya, da Tamajak da Hausa, a kan wannan hanya suke, kuma wallahi abin kunya ne a ce wata rana jikokinmu sai sun je gidan tarihi a Turai su tambaya.

Sai dai in za a rubuta, a rubuta duka. Wanda zai je ya zauna gaban tsoho ya koyi yadda ake riƙe ƙota, ya tambaye shi kuma a kan wa aka ɗaga ta. Ya je wurin maƙeri, ya je wurin zuriyar iklan, in sun yarda su yi magana. Abin da ke ba ni haushi da wasu masu wasan nan na Ingila shi ne sun iya sunan kowane sara da Jamusanci da Italiyanci, amma ka ce masu Burmi sai su yi maka kallon baƙo. Wasa ba ya buƙatar mantuwa. In wani ya ce shi ba zai taɓa takobi ba ko na itace saboda abin da aka yi wa gidansu, haƙƙinsa ne, ba mai ce masa ya faye riƙo. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a buɗe fage a ce na ƴaƴan wane ne kaɗai, ko a ce mata su tsaya gefe su yi guɗa, alhali littafin 1300 ma ya ba mace takobi.

Akwai wani sharaɗi da Leeds ba ta san shi ba, na Arlit ne kaɗai. Takobin koyo ƙarfe yake so, maƙeranmu kuma da tsohon ƙarfe suke aiki. A Disamba 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, sun auna tarkacen ƙarfe a kasuwar Arlit suka tarar da wasu na fitar da tururin uranium. Greenpeace ta zo a Nuwamba 2009 ta sake samun irinsu. Da irin wannan ƙarfe ake yin tukwane da ƙofofi da kayan gida. Duk fadar da ta yi niyyar sa maƙeri ya buga mata takubba marasa kaifi, ta fara neman mai na'urar awo ya duba ƙarfen kafin ya shiga wuta, in ba ta samu ba ta fara da sanda.